Wankin Gwaggo

A Kano, cikin dangin maigidana, ni ce matar da ta jefa tsohuwa rami a Amurka. Ba wanda ke faɗa mini a ido sai mutum ɗaya, amma duk maganar da aka yi a wurin suna ko zaman makoki tana iso ni a Fort Washington tun kafin a naɗe tabarmi. Abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba. Ni ba gwanar haƙuri ba ce, kowa ya sani, kuma wannan ne karo na farko da ake zagina ina jin komai na kama bakina.

Tsohuwar ita ce Gwaggo, ƙanwar mahaifin maigidana. Ita ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsa, don haka uwa ce, ba wani kwana-kwana. Da ya shiga jami'a sai ta auri wani ɗan kasuwa cikin Hausawan Sudan, ta bi shi Khartum, suka zauna a Bahri, ɓangaren garin da masana'antu suka taru. Mijin ya rasu, aka yi aka yi ta dawo gida ta ƙi. Tana da gidanta, tana da maƙwabtanta, tana haɗa turaren wuta da humra tana sayarwa. A dangi ana ba da labarinta ne idan ana son a kunyata matsoraci. An ce ta taɓa kashe maciji da ludayi a hannu ɗaya, yaro a ɗaya hannun, kuma ita ba ta taɓa musa labarin ba.

Ta taɓa zuwa mana kafin yaƙi. Muka sauke ta a ɗakin sama, mai babbar taga da ke kallon kogin Potomac. Jiragen da za su sauka a filin jirgin cikin gari ta saman kogin nan suke bi, ɗaya na bin ɗaya, ga kuma sansanin sojan sama ba nisa da mu. Gwaggo ta so ɗakin nan. Sai ta ja kujera bakin taga da carbinta, in ji ta tana ƙwala mini kira: "Amarya, zo ki ga wani mai jan wutsiya!" Amarya take ce mini har yau, ko da yake 'ya'yana sun fi ni tsawo. Maigidana injiniya ne, kuma mayen jirgi. Ya kai ta gidan tarihin jirage, suka ɗauki hoto a gaban wani ƙaton jirgi mai ƙyalli, wanda aka ce shi ya ƙone wani gari guda a Japan lokacin yaƙin duniya. Suna dariya su biyu a hoton. Ya sa aka yi masa gilashi ya rataye a falo.

Sai yaƙi ya ɓarke a Sudan. Muka yi makonni waya ba ta shiga, maigidana yana kwana da labarai yana tashi da su, har Allah ya sa aka kwaso su a mota ta hamada, daga nan jirgi ya kai su Najeriya. Bizarta ba ta ƙare ba, ga ciwon suga ya tasar mata, sai ya ce ta zo nan a duba ta. Ya sake wa ɗakin sama fenti, ya sa sabon kafet, ya cire labulen mai kauri ya sa marar nauyi don ta riƙa ganin jiragenta da kyau. Ni ma na taya shi zaɓen labulen. A wurinmu babban baƙo ɗaki mafi kyau ake ba shi, kuma a gidajen nan ɗaki mafi kyau yana sama. Ƙarƙashin gida, wanda ake kira besmen, na akwatuna ne da injin wanki, sai ko ɗalibi ko gwauron da ke neman haya mai araha. Ba inda za ka ajiye uwarka a can ka sake ɗaga kai cikin mutane.

Ta iso a rame, zanenta yana neman zagaye ta sau biyu. Duk abin da aka tambaye ta, alhamdulillahi. Ya hanya, alhamdulillahi. Ya aka baro mutanen can, alhamdulillahi. Da ta shiga ɗakin ta ga tagar, ta tsaya jim, sannan ta sa wa maigidana albarka har sai da ya share ido.

Ba a jima ba ta fara wanki. Ina aiki a kantin magani, safe nake fita, sai in dawo da la'asar in tarar an cire zannuwan gado, an wanke, an ninke. Washegari tawul. Wanshekare labulen kicin. Da kayan datti suka ƙare ta koma kan masu tsabta, ta buɗe kabad ta kwashi rigunan maigidana da na goge da hannuna ta sauka da su. Raina ya ɓaci ƙwarai. Suruka ta yi miki wanki a gidanki, ai abu biyu ne: ko tana gaya miki ke ƙazama ce, ko kuma duniya ta ce kin mayar da uwar miji 'yar aiki. Na ɓoye sabulu, ta yi wankinta da ruwa zalla. Na ce, "Gwaggo, da kin huta, ai zan yi." Ta ce, "Zaman banza ciwo ne, amarya." Iyakar abin da zan iya gaya mata ke nan, tsakanina da ita akwai kunya.

Na tare maigidana a mota. Idan raina ya ɓaci da sunan aikinsa nake kiransa.

"Injiniya, ka yi wa Gwaggo magana. Rigunanka duk sun koɗe, ni kuma ana nema a ja mini zagi."

"Ki ƙyale ta, she needs something to do. Mutum ya baro gidansa da sana'arsa, me kike so ta yi?"

"Ta zauna ta huta, kamar kowace tsohuwa."

"Gwaggo ce fa. Yaushe kika taɓa ganin ta zauna?"

Gaskiyarsa, ba ta zama. Amma wannan rashin zaman daban ne. Ta hau, ta sauka, ta leƙa kicin, ta koma. Idanunta sun yi ja, abinci sai ta tsakura ta ture, likita yana ta ƙara magani suga ya ƙi sauka. Tana cikin magana sai ta tsaya a tsakiyar kalma, kanta a karkace, leɓenta na motsi, can sai ta ci gaba daga inda ta tsaya. Na daɗe ban gane abin da take saurara ba, don ni na yi shekaru da daina jin jiragen nan. Da na gane, sai ni ma na fara jin su. Ina yanka albasa ina jin su, ina salla ina jin su, na fasinja da na soja da masu saukar ungulu da ke bin kogi. Gidan gaba ɗaya ya zama kamar ana jiran baƙon da bai faɗi ranar zuwansa ba.

Wata Asabar muna cin abincin rana, talabijin na nuna hayaƙi a saman wani gari, maigidana ya gyara zama ya fara darasi. Allah ya ba shi son bayani. Ya ce ai tun yaƙin duniya haka ake yi, ba soja ake bi ba, abin da ke ciyar da soja ake bi: masana'anta, gada, tashar wutar lantarki, matatar mai. In gari ya rasa burodi ya rasa wuta, da kansa zai durƙusa, yaƙi ya ƙare da wuri. Yana faɗa yana jera cokali da kofi a kan tebur, wannan gada, wannan matata.

Gwaggo ta ce, "Shi wanda ke saman, yana ganin masana'anta daban, rumfar mai shayin da ke jikin katangarta daban?"

Ya ce, "To, ana dai ƙoƙari, Gwaggo. Yanzu akwai na'urori."

Ta ce, "To, madalla." Ta miƙe, ta janye mayafin teburin daga ƙarƙashin gadarsa da matatarsa, ta sauka da shi ƙasa. Ko ɗigon miya babu a jikinsa.

Ranar da na gane komai, ciwon kai ne ya dawo da ni gida da azahar. Ranar kuwa sojojin sama suna atisaye, jiragensu suna tsaga sama har gilashin taga na rawa. Na duba falo ba ta nan, ɗakinta ba ta nan, sai ƙugin injin busar da kaya nake ji daga ƙasa. Na sauka a fusace, na riga na shirya abin da zan faɗa, kunya ko ba kunya. Na tarar da ita a lungun da ke ƙarƙashin matakala, tsakanin injin da bango, ta shimfiɗa darduma da matashi ta dunƙule a kai, kallabinta ya zame, bakinta a buɗe. Barci take yi, irin barcin da ban ga ta yi ba tun zuwanta. A nan ƙasa ba a jin jirgi ko ɗaya, ƙugin injin ya cinye komai. Ina tsaye injin ya gama ya yi ƙararsa. Ba ta ko buɗe ido ba ta miƙa hannu ta laluba ta sake murɗa shi. Sai a sannan ta ga ƙafafuna.

"Amarya, kin dawo?"

"Na dawo, Gwaggo."

Ta tashi zaune tana gyara kallabi. Na zauna a kan matakala, don ban san inda zan sa kaina ba. Injin yana ta juya tawul ɗin da ya bushe tun safe. Can ta fara magana, ba ni take kallo ba.

"Da farko cewa aka yi ba da mu ake ba, da masana'antu ake. Muka ce to. Suka bugi wurin niƙan fulawa, gari ya yi kwanaki yana warin ƙonannen tuwo. Suka bugi na sabulu, suka bugi na magani. Mu kuwa a jikinsu muke zaune, ina za mu? Maƙwabcina yana da bene, sai duk muka koma ƙarƙashin matakalarsa, mu da yara da akuya. In ɗayyara ta taso, jirgin nan, tun daga nesa cikinki yake fara ji kafin kunnenki. Rannan matarsa ta ce bari ta hau ta ɗauko masa tabarau, ya bar shi a sama. Tare muke haɗa turare da ita." Ta shafa dardumar da tafin hannu. "Wanda ke ƙasa ya fito. Wanda ke sama bai sauko ba."

Na ce, "Gwaggo, me ya hana ki faɗa? Ai sai a sauko miki da gado."

Ta dube ni kamar na yi saɓo. "In ce wa yaron nan me? Ya yi fenti, ya sayi labule, yana murna. In ce masa ɗakinka ya fi ƙarfina? Kuma a ji a Kano cewa ni, da furfurata da carbina, ina ɓuya a rami ina gudun ajali? Amana na ba ki, kada ya ji." Sai ta ƙara da cewa, "Na ce masa ya nema mini tikiti. Zan je Kano, in hanya ta buɗe in wuce gidana. Can ko ba komai na san matakalar da zan shiga."

Na san Gwaggo, in ta ce za ta koma Bahri to za ta koma, ko ana ruwan wuta, da sugarta da komai. Na kuma san maigidana, wannan zuwan shi ne kaɗai damar da ya samu ya rama mata goyo. Da yamma na gwada shi a hankali, na ce ko za mu gyara wa Gwaggo ɗakin ƙasa, ya fi sanyi. Ya ajiye cokali.

"Uwata? A besmen? Ki ji tsoron Allah mana. Are you serious?"

In na faɗa masa dalili, na san abin da zai biyo baya. Zai je ya durƙusa a gabanta yana kuka, ya kira likitan ƙwaƙwalwa, ya kira yayarsa a Kano, kafin sati kowa ya ji. Ita kuwa kunya ta kore ta ko ba jirgi. Ita ba za ta roƙa ba, shi ba zai bayar ba, kowa yana yi wa kowa kara, tsohuwa tana ƙarewa a tsakani. Na kwana biyu ina juya abin, ina ba mutane magani a kanti hankalina yana gida. Daga ƙarshe na ga abu ɗaya ne ya rage, a samu marar kirki a gidan. Ni kuwa dama an san ni da baki.

Na jira ya fita aiki, na kira wasu 'yan Nijar biyu masu motar ɗaukar kaya, suka sauko da gado da katifa da kujerarta. A ƙasan akwai wani ɗan ɗaki can ciki da ba shi da taga ko ɗaya, nan na sa aka kafa gadon. Na shimfiɗa kafet, na kawo kaskon turarenta, na jawo wata tsohuwar fanka mai ƙara kamar injin markaɗe na kunna. Sannan na kwashi atamfofi da lesukan da nake ɗan sayarwa na zube su a ɗakin sama, na baje su har kan taga. Gwaggo tana tsaye a bakin matakala tana kallo, ni kuwa ban dube ta ba.

Da ya dawo ya hau gaishe ta, ba a jima ba na ji saukowarsa.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni. Ɗakin nake so, kayana suna lalacewa a ƙasa."

"Kayanki? Atamfa ta fi uwata?"

"Gidana ne ni ma, Injiniya. Na gaji da takura."

Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya sauka da gudu wurinta, yana ba ta haƙuri, yana cewa yanzun nan zai mayar da gadon da kansa. Ina jin ta daga kicin, ta ɗaga murya yadda zan ji: "Bar shi, ɗan nan. Gidan mutane ne, inda aka ajiye ni nan zan zauna. Kada ka tayar da fitina a gidanka saboda ni, ban yafe ba in ka taɓa gadon nan." Na ce a raina, kai, tsohuwar nan ta iya.

A daren bai ci abincina ba. Cikin zafin rai ya kira yayarsa, ita kuwa ta kira Gwaggo ta bidiyo, ta ga bututun ruwa a saman kanta, ta ga ba taga. Sai wayata. Yaya ba ta ko amsa gaisuwata ba. "Ashe haka kike? Matar da ta tsallake bam ta zo gidan ɗanta, ki tura ta rami da ranta? Allah ya isa tsakaninmu da ke." Amsa tana kan harshena, cikakkiya, mai zafi. Na haɗiye ta na ce, "Allah ya ba ki haƙuri, Yaya." An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma ranar nawa ya kusa fashewa.

Washegari Gwaggo ba ta hawo karin kumallo ba. Hantsi ya yi, shiru. Maigidana ya kasa zama, ya sauka, na bi shi a baya. Ta yi sallar asuba ta koma, ga dardumar a ninke, ita kuma tana kwance ta miƙe ƙafa sosai tana minshari, fanka na ta ƙara. Injin wanki a kashe yake. Ya daɗe a tsaye a bakin ƙofar. Ya dubi injin, ya dubi lungun matakala inda matashin kanta na da yake har yanzu, sannan ya dube ni. Da muka hau ya wuce falo, ya sauke hoton nan na gaban jirgi mai ƙyalli, ya kai gareji ya jingina shi fuskarsa na kallon bango. Da rana ya ci abincina har ya nemi ƙari.

Maganar tikiti ta mutu. Suga ya sauka, kumatunta suka dawo, ta sa aka nemo mata itacen turare ta koma haɗawa, matan Hausawa na garin Hyattsville suna zuwa har gida saye. In sun sauka ƙasa sun gaishe ta, sai su hawo suna kallona ta wutsiyar ido. Maigidana ba shi da bakin wanke ni wurin yayarsa, don in ya wanke ni ya tona ta. Sai dai duk lokacin da wayata ta yi ƙara ya ga na ɓata fuska, ya tashi ya dafa mini shayi.

Kwanan baya ina ninke kaya a ƙasa, don yanzu wanki ya dawo hannuna gaba ɗaya, ko kallabinta ba ta wankewa, sai ta kira ni.

"Amarya, yayar mijinki ta bugo. Wai in tattara in koma wurinta, in bar gidan azzaluma."

"Me kika ce mata, Gwaggo?"

"Na ce mata ina nan ina haƙuri da ke."

Wallahi sai da na ajiye rigar da ke hannuna. Na ce, "Haƙuri? Da ni? Gwaggo!" Ta fashe da dariya har tana riƙe ciki, dariyarta ta da, wadda ban ji ba tun kafin yaƙi. Da ta lafa ta kamo wuyan hannuna ta zaunar da ni a bakin gadonta, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Na san abin da kika ɗauka a kanki. Zan faɗa musu, ranar da bakina ya iya faɗa. In kuma na mutu ban iya ba, ki yafe mini."

A daidai lokacin wani jirgin soja ya wuce ƙasa-ƙasa, har na ji shi a cikin bututun da ke samanmu. Na dubi fuskarta. Ba ta tsaya ba, ba ta karkata kai ba, tana ta gaya mini irin miyar da take so da dare.

Na ce na yafe, kuma da gaske nake, ko da yake har yau ina jiran ranar. Da na kai tsakiyar matakala wayata ta fara ƙara a aljihu, na duba na ga Yaya ce. Na kashe ƙarar, na ƙarasa hawa na ja ƙofar a hankali, don Gwaggo ta riga ta fara gyangyaɗi.